Buzuzu Mai Sunan Baba

Mijina malamin ƙwari ne a jami'a, kuma duk cikin ƙwarin da Allah Ya halitta bai ga na zaɓa ba sai buzuzu, mai mirgina kashi. Shekara tara ina haƙuri. Tarkonsa roba ce da yake binnewa a ƙasa, ya rataya ƙullin kashin shanu a bakinta. In ya dawo daga daji, motar ma sai ta yini biyu tana ɗoyi. Na taɓa buɗe firij zan ɗauko madarar yara, na ci karo da kwalba cike da su, ƙafafu a sama. Ranar ko ruwa da ƙyar ya wuce mini.

Akwai wani ɗan baƙi mai ƙaho biyu da ya fi wata shida yana fama da shi. Ya ƙirga ƙayoyin ƙafarsa a madubin ƙara girma, ya farke cikinsa da allura ya zaro al'aurarsa, wai da ita ake bambanta iri da iri. A kan teburin cin abincina fa. Ya gwada shi da duk na akwatunan ofishinsu, bai sami mai kama da shi ba.

Sai ga shi baki har kunne, wai sabon iri ne, kuma a al'adar aikinsu wanda ya gano shi ke raɗa suna. Ya sa masa sunan marigayi Babana, wai girmamawa. Baban da ko ɗigon miya bai yarda ya taɓa rigarsa ba. Na ce ya goge. Ya ce saura kwana uku a buga takardar binciken, in ta fito sunan ya zauna har abada, amma in Inna, mahaifiyata, ta ƙi zai janye.

Washegari na kai wa Inna hoton buzuzun a waya, da tabbacin za ta wanke mijin nawa tas. Ta duba, ta yamutsa fuska, ta tambayi abin da yake ci. Na faɗa mata, ban rage komai ba. Ta tofar da yawu.

"Har abada ya ce?"

"Haka ya ce, Inna."

Ta miƙo mini wayar. "Yayyenki sun haifi maza bakwai, ba wanda ya mayar da sunan ubanku. Ki ce masa ya bar shi, kada ya goge."