Benci na Bakwai, Gefen Bango

Shekara talatin da ɗaya Baba Kafinta yana zuwa coci kowace Lahadi, amma iyakarsa waje. Zai goyo matarsa a babur, ya sauke ta a bakin ƙofa, ya miƙa mata jakarta, sannan ya tura babur ɗin ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ke gefen ginin, ya zauna a kan wani kututture da 'yar rediyonsa. Masu zuwa a makare duk sun san shi. Sukan tambaye shi ko an fara wa'azi, shi kuwa ya ba su amsa daidai, don kunnensa ya haddace tsarin sujadar ta cikin bango.

Ba wata rigima yake da ita da Allah ba. A cocin iyayensa sai mutum ya girma ake yi masa baftisma, shi kuma da ya girma sai ya kama koyon aiki, maganar ta bi ruwa. Da zai auri 'yar Katolika, Fada, limamin cocin na wancan lokacin, ya sa shi alkawarin ba zai hana ta addininta ba. Ya cika alkawari har da ƙari. Shiga ce kawai bai yi ba, ita kuma ba ta taɓa matsa masa ba.

Abin dariyar shi ne ranakun aiki yana shiga, da guduma da ƙusoshi. Babu bencin da bai san cikinsa da bayansa ba a cocin nan. Ya san wanda ke ƙara, ya san wanda gara ta taɓa ci, ya kuma san na matarsa, benci na bakwai, can gefen bango inda iskar fanka ba ta kaiwa. Ya sha tsokanarta a kan haka.

"Coci duk faɗinsa ki rasa wurin zama sai lungun da ake gasa mutum?"

"Can nake jin daɗin addu'a," ita ce amsarta kullum.

Da gwiwoyinta suka fara ciwo, sai ya kwance katakon durƙuso na wurin, ya kai shago, ya sa masa soso mai kauri ya lulluɓe da fata, ya mayar ya ɗaure. Ranar ta yi masa godiya kamar wanda ya gina mata gida.

Rabin farko na sujada yana jin komai daga kan kututturensa, karatu da waƙa da wa'azi. Daga nan sai muryoyi su yi ƙasa, ya ji 'yar ƙararrawa ta kaɗa, wurin ya yi tsit. In an tashi sai ta fito da wata irin fuska mai laushi, ta hau babur, ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ba za ta ce uffan ba har sai sun wuce shataletale. Sau ɗaya ya taɓa tambayarta abin da suke yi idan an yi shirun nan. Ta ce ya shigo ya gani. Ya yi dariya, ya ba babur wuta.

Da ta rasu, ya zauna a gaba wajen sujadar jana'iza, amma kansa na cikin tafin hannunsa daga farko har ƙarshe, ko abu ɗaya bai riƙe ba. Lahadin da ta biyo baya ya tashi da wuri, ya goge babur har da kujerar baya, ya tafi ya zauna a kan kututturensa. Ta gaba ma haka. A ta uku ne ƙanwar matarsa, tsohuwar nas mai baki kamar reza, ta fito ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Yaya, wa kake jira?"

Da ƙyar ya ce, "Ina son in san abin da take yi in an yi shiru."

Ita ta kai shi wurin katikis, malamin da ke koyar da masu son shiga Katolika. Katikis ya zayyana masa hanya dalla-dalla. Zai riƙa zuwa aji kowace Asabar da yamma. Bayan wasu watanni Fada zai karɓe su a ƙofar coci a gaban jama'a. In lokacin azumi ya zo za a rubuta sunayensu a littafi, sannan a yi musu baftisma da Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, su karɓi Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki, a karon farko. Kuma sai ya sami wanda zai tsaya masa a matsayin uba ko uwar baftisma.

"Kusan shekara ke nan fa, Malam. Ni da kujerar da kake zaune a kai ma ni na haɗa ta?"

"Baba, katako ma ai ba a ranar da aka sare shi kuke aiki da shi ba."

Wannan ta shige shi, don gaskiya ce. Nas ta ce ita za ta tsaya masa, daga yau kuma ya fara kiranta Mama. Ya ce ta jira har ta gaji.

Ya kama aji da gaske. Shi ne tsoho a cikin mutum takwas, kuma shi ne mai yawan gardama. Fensirinsa na aiki a kunne, yakan zaro shi ya ja layi ƙarƙashin abin da bai gane ba. Addu'o'in ba su ba shi wahala ba, ashe rabinsu suna kansa tun tuni, da muryar matarsa, daga jin da yake yi tana yin su da asuba tana ɗora ruwan shayi. Asabar ɗaya tak ya yi fashi, ranar da ya je kafa ƙofofi a wani gida aikin ya ƙi ƙarewa. Ashe ranar ce katikis ya yi bayanin abin da zai faru gobe.

Washegari ya sa rigarsa mafi kyau, wadda matarsa ta zaɓa masa yadin. Fada ya tare su a ƙofa, ya yi musu alamar gicciye a goshi, jama'a na tafi, aka zaunar da su a layin gaba. Yau dai zai ga abin da ake yi. Aka yi karatu, aka yi wa'azi, sai Fada ya ce masu koyo su miƙe. Ya sa musu albarka, ya ce su tafi lafiya. Katikis ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya wuce gaba, sauran bakwai ɗin suka bi shi kamar sun saba.

Baba Kafinta ya tsaya yana dube-dube har sai da na kusa da shi ya ja masa hannun riga. Ya ratsa tsakiyar coci a gaban idon kowa, ya wuce benci na bakwai, cike da kunya da baƙin ciki. Da suka fito bai bi su ɗakin aji ba. Ya nufi mangwaronsa, yana isa ya ji 'yar ƙararrawar nan ta cikin bango, kamar kullum. Ya buga babur ya tafi gida.

Mako uku ba a gan shi ba. Ranar wata Laraba nas ta same shi a shago yana goge wani katako da ya riga ya yi sumul tun jiya. Ta share garin katako daga kan wata kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"To, ɗana, fushin bai wuce ba?"

"Ba na son wasa yau. Shekara talatin da ɗaya na yi a waje, da ƙafata, babu wanda ya kore ni. Ranar da na shigo kuma, ranar aka ce in fita. A gaban yaran da aka haifa ina zaune a gindin bishiyar nan."

"Ba korarka aka yi ba, Yaya. Haka ake yi wa duk wanda ba a yi wa baftisma ba tukuna. Ku ji Kalmar Allah, ku je ku tattauna ta da katikis, sauran kuma sai ranarku ta zo. An yi bayani, kai kana can kana kafa wa mutane ƙofa."

Ya ajiye abin gugar. Muryarsa ta sauka.

"Shekarata sittin da takwas. Yayarki ma lafiyarta ƙalau ta kwanta, ba ta tashi ba. In Ista ta zo ba ta same ni ba fa? Ni ba wani abu nake nema ba, so nake in durƙusa inda take durƙusawa sau ɗaya, in san me ke sa fuskarta ta zama haka."

Nas ta miƙe ta kakkaɓe zanenta.

"Yayata ta jira ka shekara talatin da ɗaya, ko sau ɗaya ban ji ta yi ƙorafi ba. Kai wata biyar ya gagare ka."

Ta tafi ba sallama. Ya daɗe zaune yana kallon katakon. Asabar da ta zo shi ya riga kowa isa aji, ya ba katikis haƙuri a taƙaice, don shi ba gwanin ba da haƙuri ba ne.

Daga nan kowace Lahadi in an ce su miƙe, yakan miƙe ya bi layi. Bai daina jin ciwon abin ba, amma ya daina sunkuyar da kai. Aka rubuta sunansa a littafi. Daren Ista aka zuba masa ruwan baftisma sau uku, nas na riƙe da kafaɗarsa tana kuka tana cewa mura ce. Ya karɓi Jibin Ubangiji a layin gaba cikin farar riga, cikin cunkoso da hasken kyandir, komai ya wuce masa kamar mafarki. Ya ji daɗi, amma a ransa ya san da saura.

Da safe ya dawo. Ya ajiye babur a inda ya saba, ya shiga, ya ƙirga benci har na bakwai, ya matsa can jikin bango. Zafi kam akwai shi, bai yi ƙarya ba da yake tsokanarta. Nas ta zauna kusa da shi. Aka gama wa'azi, jikinsa ya zabura zai miƙe don sabo, ta danne masa gwiwa.

Da lokaci ya yi kowa ya durƙusa, shi ma ya sauka a hankali. Fatar da ya lulluɓe katakon da ita ta koɗe, soson ya lotsa wuri biyu, gwiwoyinsa suka faɗa ciki. Bangon gefen yana da layin bulo mai huji don shan iska, ƙasa-ƙasa, wanda in kana zaune ba ka ganin komai ta ciki sai ƙasa. Ya gyara benci a nan ya fi a ƙirga, amma kullum kansa na kan ƙusa. Yanzu da ya durƙusa, idonsa ya zo daidai da wani huji. Ta cikinsa ga gindin mangwaro, ga babur a jingine, ga kututture, sak kamar an auna.

'Yar ƙararrawa ta kaɗa, coci ya yi tsit. Ashe duk Lahadi a wannan shirun shi matarsa take kallo, yana murɗa rediyo, yana korar ƙuda, yana gyangyaɗi, ita kuma tana yi masa addu'a a cikin zafin nan. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Nas ta matso ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Sau biyu na ce mata mu koma ƙarƙashin fanka. Ta ce in ta tashi daga nan wa zai duba mata kai."

Ya ci gaba da kallon kututturen da babu kowa a kai, har sai da layinsu ya fara tashi. Ta kama gwiwar hannunsa ta ɗaga shi, suka bi bayan mutane zuwa gaba don karɓar Jibin Ubangiji.