Masarar Babana Mai Layi Takwas

Tun farkon Afrilu ruwa ya sauka a ƙauyenmu bai ɗauke ba. Yayyafi ne mai naci, ga sanyi mai shiga ƙashi. Kogin Sava ya cika ya turo ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, har gonarmu da ke gangare ta zama in ka taka sai takalmi ya ƙi biyo ka.

Kullum da safe nakan zura takalmin robar babana, in tafi gona da ma'aunin zafi, in soka shi ƙasa zurfin yatsa, in tsaya jira. Digiri shida. Wata rana bakwai. Masara ba ta motsi sai ƙasa ta kai goma, ta kuma zauna a goman kwana da kwanaki. Wannan ba sai an je jami'a ake saninsa ba. Ni dai na je, shekara huɗu ina karatun aikin gona, kuma har yau ƙauyen bai yafe mini ba.

Toza, tsohon maƙwabcinmu, yakan jingina da shinge yana kallona.

"Injiniya, yaya mai jiki? Zazzaɓin ya sauka?"

"Bai ma hau ba tukuna, Baba Toza. Hawansa muke jira."

"To Allah ya ba ta lafiya. In allura za a yi mata ki kira ni in riƙe miki ita."

Babana, Milisav, ya rasu a watan Fabrairun shekarar. Ya bar ni da mahaifiyarsa, Kaka Vidosava, da hekta uku na gona, da buhu biyu na iri. Farar masara ce mai layi takwas a kowane goyo, wadda ya gada daga babansa. Duk ƙauyen babu wanda ke shuka ta sai mu, kowa ya koma irin kamfani, mai jan magani a jiki. Kowace kaka babana yakan zauna a bakin rumbu yana zaɓen goyo ɗaya bayan ɗaya, ya cire ƙwayoyin kai da na gindi, ya ajiye na tsakiya. Shekara talatin yana wannan. Buhu biyun nan su ne zaɓinsa na ƙarshe, kuma ba a sayar da irinsu a kowace kasuwa.

Waliyyin gidanmu Jorje ne, ranarsa shida ga Mayu. Ran nan muke Slava, bikin da kowane gida ke yi wa waliyyinsa: a kunna doguwar kyandir, a gasa ɗan rago, a toya proya, wato burodin garin farar masarar nan, baƙi su cika ɗaki. Kuma kafin kowa ya kai loma, babban tsoho a cikin baƙi zai dubi maigida ya ce, "An shuka?" Maigida ya amsa, "Tana ƙasa." Tun zamanin kakana ba a taɓa ba da wata amsa a gidanmu ba.

Bana Baffa Radoje, ƙanen babana, shi zai zauna a kujerar maigida. Saura mako guda ya shigo kicin yana karkaɗe hula.

"Smiljka, ni na gama shuka gonata jiya. Jibi zan shigo da tarakta gonarku."

"Ƙasar ba ta yi ba, Baffa."

"Wa ya ce?"

"Ita ta ce. Bakwai take."

Ya yi dariya ya dubi Kaka. "Inna, kin ji? Yanzu gona magana take yi, amma da 'yan boko kaɗai."

"Irinka yana da magani a jiki," na ce. "Zai iya kwana goma a cikin laka bai ruɓe ba. Namu tsirara yake. In ka binne shi a wannan sanyin, kabari ka yi masa."

"Kada ki yi mini maganar kabari, ƙasar kan yayana ba ta bushe ba. Shekara talatin bai taɓa wuce ranar Jorje ba. So kike Slavar farko bayansa a tambaye ni in ce me? In ce muna jiran izinin ɗan ma'aunin zafi?"

"Ka ce ana ruwa. Ai suna da ido."

"Shi ya sa na ce wa Milisav, karatun nan zai dawo mana da baƙuwa."

Na san babana fiye da yadda suka san shi. Su ranar suke tunawa. Ni kuwa ina tuna shi da sassafe yana cire takalmi a bakin gona, ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya ɗan tsaya, wani lokaci ya mai da takalmin ya koma gida. Sa'a ce kawai ta sa duk shekarun nan ƙasa takan yi ɗumi kafin ranar waliyyi. Na faɗa musu haka. Kaka tana tankaɗe gari, ba ta ɗago kai ba.

Ran jajibirin Slava ruwa ya ɗan tsagaita. Kaka ta ce in kai ta birni a mota ta sayo kyandir da ruwan inabi. Shago uku muka shiga. Kyandir ɗin farko ya yi gajere, na biyu wai ba kakin zuma zalla ba ne, a na uku ta tsaya hira da mai shagon kan ciwon gwiwa har na fara duba agogo. Daga nan ta ce sai mun biya ta gaida wata ƙawarta. Matar da rabon da ta ambaci sunanta tun ina firamare.

Da muka dawo, tun daga kwanar gidan Toza na ji warin gas. Na tsai da mota na fita ban rufe ƙofa ba. Tayoyin tarakta sun yanka gonar daga wannan kai zuwa wancan, ramuka har gwiwa, ruwa ya riga ya fara taruwa a ciki. A kan shinge an rataye buhu biyu, an karkaɗe su tas, an ma ninke bakinsu.

Na koma mota. Kaka tana zaune da kyandir a cinya, idonta a gaba.

"Kin sani," na ce.

"Gobe baƙi za su zo, 'yar nan."

"Kin sani, Kaka."

"Ɗa ɗaya ya rage mini. Ba zan bari a kunyata shi a teburin ɗan'uwansa ba."

Washegari na yi hidima kamar kowace shekara. Na zuba giya, na yanka proya, na kai faranti na kwashe faranti. Toza ne babba a ɗakin. Ya gyara murya ya ce, "Radoje, an shuka?" Baffa ya buɗe ƙirji ya ce, "Tana ƙasa." Aka ɗaga kofuna. Kafin a gama cin ragon ruwa ya dawo yana buga taga.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ran na sha biyu na ɗauki cokali na shiga gona, na durƙusa a kan layi ina tono. Ƙwayar farko ta kumbura ta yi toka-toka, na matsa ta ta fashe a yatsana, tana wari kamar kunun da ya kwana. Na tona ta biyu, ta goma, ta ɗari. Na bi layi shida har ƙafata ta daina jin sanyi. Na samu guda huɗu da suka fito da ɗan farin tsiro, shi ma bakinsa ya yi baƙi.

Masarar Baffa ta fito, ko da yake gibi-gibi kamar bakin tsoho. Ya same ni a bakin gona da laka har gashi.

"Tawa ga ta can," ya ce. "Ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya. Irin nan naku dama ya gaji, na sha faɗa wa babanki. Akwai ragowar nawa rabin buhu, in kina so."

Na juya na nufi gida. Da na buɗe baki a lokacin, da ba za mu sake gaisawa ba har abada, kuma gobe ma shi ne baffana.

A ɗakin baƙi, gefen hoton Waliyyi Jorje, akwai kitson masara rataye a ƙusa. Goyo tara ne, babana ya kitsa su da bawonsu shekarar da na tafi jami'a, ya ce su riƙe mini wuri. Shekara biyar suna shan hayaƙin kyandir. Na jawo kujera na hau.

Kaka ta tsaya a bakin ƙofa. "Sauko. Hannunsa ne ya kitsa wannan."

"Buhu biyun ma hannunsa ne ya zaɓa."

"Shi kaɗai nake kallo in na idar da addu'a. Ki bar mini shi, Smiljka."

Na cire shi daga ƙusar. Na ji numfashinta a bayana, ban juya ba. Na san abin da nake ɗauke mata, na kuma ɗauke.

Tsohon iri ba ya da tabbas. Na ƙirga ƙwaya ɗari na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kusa da murhu. Bayan kwana biyar ashirin da uku suka tsira. Sai na ɓare sauran duka, na shimfiɗa su a tawul-tawul a ƙasan kicin, har Kaka sai ta raɓa bango in za ta wuce. Mako biyu muna cin abinci a tebur ɗaya ba abin da ke ƙara sai cokali.

Ran ashirin da shida ga Mayu ma'auni ya nuna sha ɗaya. A can saman gona, bayan itatuwa, akwai ɗan tudu da tarakta ba ta taka ba. Nan na kai ƙwaya ɗari shida da 'yan kai a faranti, na haƙa rami da yatsa, na kwantar da kowace a hankali don kada tsiron ya karye. Kwana biyu ina rarrafe. Toza ya zo shingensa.

"Injiniya, allura kike nema?"

"Shuka nake, Baba Toza."

"Yanzu? Ai masarar mutane ta kai idon sawu."

"Ta mutane ce."

Sauran gonar ta bushe ta zama daɓe, inda taya ta bi ko garma da ƙyar take shiga. Na zuba waken suya don kada ciyawa ta cinye ta, bai taɓuka komai ba. Rayuwata ta koma ɗan tudun nan. Hankaki suka tone mini layi biyu, na ɗaura zare da tsummoki, na riƙa kai abincina can. A watan Yuli, da ruwan da ya hana mu sakat ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba, da bokiti na riƙa ɗebowa daga rijiya. Abu ɗaya jinkirin ya yi mini: lokacin da tawa ta fito da fure, ta maƙwabta ta daɗe da gamawa, don haka jininsu bai haɗu ba. Da na ɓare goyon farko a Oktoba na ƙirga da yatsa. Layi takwas, fari fat.

Kwando huɗu na samu. Na zauna a bakin rumbu inda babana ke zama, na zaɓa, na cire kai da gindi. Abin da ya rage bai cika rabin buhu ba. Na zuba shi a akwatin ƙarfe na sa kwaɗo, makullin yana aljihuna ko coci za ni. Kaka ta roƙi mudu ɗaya na proyar Kirsimeti, na ce babu. Na kitsa goyo tara na rataye mata a ƙusar nan. Da safe na tarar da su a kan tebur, ƙusar kuma tsirara.

Da Slava ta zagayo, sanyi ya sake jan ƙafa, ko da yake bai kai na bara ba. Da safen ranar ƙasa tana digiri tara. Proyar da ke kan tebur rawaya ce, ta garin kanti, na ga baƙi suna kallonta suna kallon juna. Baffa yana kujerar maigida. Toza ya gyara murya.

"Radoje, an shuka?"

Baffa ya buɗe baki, ya dube ni, ya dubi Kaka. Ina tsaye da kwalba a hannu.

"Ba a shuka ba, Baba Toza," na ce. "Tana akwati."

Kaka ta sunkuyar da kai kan farantinta. Wata daga cikin matan ta ce da maƙwabciyarta, ba ta ko rage murya ba, "Allah ya ji ƙan Milisav, gida ya zama na mata."

Na cika mata kofinta har baki, na wuce na gaba.