Ƙasa a Bisa Kai

Shekarar da ciwon shanu ya ratsa ƙasar Sakkwato, ciwon nan da aka sa wa suna Sannu don ba abin da ya rage a ce wa mai shanu sai sannu, Jaɓɓo ya wayi gari da sanda a hannu ba abin korawa. Garke guda ya kwanta masa a dajin Tozai cikin kwana tara. Bijimi ɗaya ya tsira, shi ma sauran kwana ne ya fid da shi, ba wani magani ba.

'Yan'uwan matarsa Asta suka zo suka tafi da ita rugarsu wajen Lafani, inda 'yan shanu kaɗan suka rage musu. Ba saki aka yi ba. Yayanta Boyi dai ya ce mace ba ta zama a gindin itace. Idan Jaɓɓo ya sami wurin ajiye ta kafin damina ta kankama su yi arewa da dabbobi, shi da kansa zai kawo ta. Idan bai samu ba za ta bi su, sai kuma abin da Allah ya yi.

Bukka ba abin wuya ba ce, yini guda ake kafa ta. Amma a ganin Jaɓɓo, bukkar da ba garke a gabanta tallan talauci ce kawai. Sai ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi a zuriyarsu: ya sayar da bijimin, ya sayi gida a Illela a hannun wani falke da zai koma Sakkwato. Aka yi cinikin a gaban mai gari da shaidu. Gidan dai ba wani gida ba ne, soro ɗaya ne mai rufin azara da ƙasa, da katanga da ta sunkuya ta gabas, da kurna a tsakar gida. Ya ce a ransa tunda Allah ya mai da shi mutumin gari, to Asta za ta shiga ɗaki irin na matan gari.

Maƙwabcinsa Malami magini ne, mutum mai faɗin murya da son ba da shawara ko ba a tambaye shi ba. Kwana uku da tarewar Jaɓɓo ya leƙo ta kan katanga.

"Maƙwabci, gidan ƙasa awa jariri ya ke, kowace shekara sai an yi mai wanka. Ga bazara ta kama. Ka haƙo ƙasa, ka cuɗa da ciyawa da kashin dabbobi, ka bar ta kwana bakwai ta ruɓe, kana ka yaɓe ruhin. In ka bari hadari ya riga ka, kai da soron ga sai labari." Ya ƙara duban rufin, ya girgiza kai. "Ko in kira maka gayya, mu taru mu gama shi yini guda?"

Zuciyar Jaɓɓo ta yi sanyi da jin haka, amma bakinsa ya ce, "A'a, ba komi. Na gode."

A rugar da ya tashi haka ake yi. Ko yunwa na kashe ka, in an miƙo ƙwarya sai ka ce ka ƙoshi, mai ƙwarya ya sake miƙowa, ka sake ƙi, sai a na uku ka karɓa kamar an tilasta ka. Jaɓɓo ya tsaya yana jiran na biyu. Malami kuwa Bahaushe ne, in ka ce masa ka ƙoshi janye akushinsa zai yi. Ya ce, "To madalla, ashe ka iya," ya sauka daga katanga ya kama gabansa.

Haka Jaɓɓo ya shiga aikin mutum goma shi kaɗai. Ya haƙo ƙasa a kududdufin bayan gari, ya yi ta jidowa a kwando. Kashin shanu kuwa, wanda a da yake takawa bai ko duba ba, a shekarar nan ya fi ƙarfin nema. Da sassafe yake sulalewa zangon da ayarin gishiri ke sauka, ya tsinci kashin jakuna kafin gari ya waye sosai, don kada a gan shi. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Duk mai wucewa ya hango shi a kan soro sai ya ɗaga murya, "Sannu da aiki." Mutanen kirki ne, gaisuwa suke yi. Shi kuwa da ya ji kalmar sai ya ga shanunsa kwance ƙafafu a sama. Ya fara amsawa ciki-ciki, daga baya ya daina juyowa. Aka ce Bafillacen nan girman kai gare shi, aka daina gaishe shi. Sai kuma ya dawo yana kasa kunne ko wani zai faɗa. Ranar kasuwa mutanen Darna da na Tozai su wuce ta ƙofar gidansa suna hira, ba mai ɗaga kai. Da yamma ya dama gari ya sha a gindin kurna, ba wanda zai ce wa ko bisimilla. Wani lokaci yakan ji kansa yana kiran sunayen shanunsa a hankali, don dai bakinsa kada ya manta magana.

Yaɓen ya yi kyau, ba laifi, hannun da ya saba tatsa ba ya ƙyuya. Sai dai a gefen rufin ya tarar da kafa biyu da suka huda bango, inda tsofaffin indararo suka karye suka faɗi tun zamanin falke. Mutumin da ya tashi a bukka ina ya san rufi na bukatar hanyar ruwa? Shi a saninsa kafa a rufi aibi ce. Ya cusa musu ƙasa, ya lailaye, ya ja baya yana jin daɗin aikinsa. Malami a lokacin yana Darna yana ginin rumbu, balle ya gani.

Ruwan farko ya zo bayan la'asar, ranar da Malami ya dawo. Iska ta fara, sannan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Malami na tsaye a zaurensa yana kallon indararon unguwa na zuba, ya lura na maƙwabcinsa shiru. Bai tsaya sallama ba. Ya suri taɓaryar matarsa, ya haura katanga, ya tarar da rufin ya zama tafki, ruwa har idon sawu. Ya dinga dukan gefen bangon har ƙasar ta buɗe, ruwan ya yi waje da ƙarfi. Jaɓɓo ya fito a guje jin ana rushe masa gida.

"Mi kaka yi haka?"

"Ni ka tambaya mi nika yi? Wa yac ce ka toshe hanyar ruwa? Da na ƙara kwana ɗaya Darna, da yanzu haƙo ka muka yi." Malami ya share ruwa daga fuskarsa. "Kai ba ka ce ka iya ba?"

Jaɓɓo ya tsaya ruwa na dukansa. Sannan ya ce, "Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

"Sau ɗaya ka tambaye ni."

Malami ya dube shi, sai dariya ta ƙwace masa. Washegari ya kawo indararo biyu na gindin giginya ya kafa, ya liƙe inda ya fasa, ya koya masa ya riƙa hura wuta a ciki don hayaƙi ya kori gara daga azara. Soro ya tsaya. Jaɓɓo ya aika Lafani cewa wuri ya samu.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, Boyi ya iso da Asta, da jaki ɗauke da ƙoranta a cikin raga. Ta rame, amma tana nan yadda ya san ta. Jaɓɓo ya ji farin cikin da rabonsa da shi tun kafin ciwon, sai dai a gaban suruki ba a nunawa. Aka gaisa da Fillanci, gaisuwa mai tsawo, kowa na kallon ƙasa. Boyi ya zagaya katanga, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce gida ya yi. Ya ce wa ƙanwarsa ta shiga ta gani kafin a sauke kaya.

Ta sunkuya ta shiga, Jaɓɓo na biye. Ɗakin da sanyi da duhu, ga ƙamshin sabuwar ƙasa da hayaƙi. Ta tsaya a tsakiya har idonta ya saba, sannan ta ɗaga kai.

"Mene ne a sama?"

"Azara ce, da ƙasa a kanta. Da hannuna na yaɓe. Ko ɗigo ba ya shiga."

"Ƙasa," in ji ta. Jaɓɓo ya ga numfashinta ya sauya, ta kai hannu ta riƙe bakin zanenta. "Ni a sanina sai mutum ya mutu ake ɗora masa ƙasa."

Ba da faɗa ta faɗa ba, tsoro ne ya gani a fuskarta. Ta fita da sauri ta tsaya jikin jaki, tana shaƙar iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Boyi ya dubi ƙanwarsa, ya dubi ragar ƙoran, bai kwance ba.

Jaɓɓo ya fito. A gaban surukinsa, abin da ko a mafarki bai zaci zai yi ba, ya ce, "Ki zauna. Zan kafa miki bukka a gindin kurna. Ba ni da kowa a garin nan."

Asta ta dubi kurnar, ta dubi katangar da ta kewaye ta ta ko'ina. Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Ina zan riƙa jin kukan shanu?"

Boyi ya ce gobe da asuba suke tashi arewa da ita, in kaka ta yi Allah ya dawo da su lafiya, Jaɓɓo ya zo ya gaishe su. Jaɓɓo ya raka su har bayan gari, ya yi musu fatan sauka lafiya, ya tsaya har jakin ya shige cikin geza.

Kafin magariba hadari ya sake haɗowa. Ya shiga soronsa ya zauna a kan tabarma, yana jin indararo biyu na zuba a waje. Ya ɗaga kai ya duba kusurwa-kusurwa. Ko ɗigo bai shigo ba.