Batir a Wuyan Tirela

Abu ɗaya Lorna ta nema a wajen mijinta Wendell, hitar ɗumama ɗaki ta kama. Ta daɗe da daina bin sa kwanan daji, tun ranar da ta farka a bakin tafkin Superior ta tarar ruwan kofinta ya daskare. Tirelarsu ta kwana, wadda ake ja da mota, tsohon yayi ce, irin wadda ake naɗewa ta koma akwati. In an isa sai a murɗa hannu rufin ya ɗaga, a jawo gado ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, tamfol ya miƙe a kansu. Hitar gas na ciki lafiya lau, amma fankarta sai da lantarki, shi kuwa gogan ba ya sauka inda aka ja wuta, wai wannan kwanan ragwaye ne.

"Sa mata batir, zan bi ka," in ji Lorna. "Amma ka ji ni da kyau, in na sake kwana ina karkarwa, na gama."

Wendell ya ji maganar har cikin ransa, don ya gaji da kwanan daji shi kaɗai, ba ya dai faɗa ne. Ƙaramin batir ɗaya ya wadatar, amma ina, sai da ya sayo manya biyu. Ya ƙera musu dogon akwatin ƙarfe, ya kafa shi da walda a wuyan tirelar, can gaba inda ake ɗaura ta a mota. Ya yanka wayoyi daidai wa daida, saboda ya tsani waya mai lilo. Duk a gareji ya yi aikin, rufin garejin kuma gajere ne, ba a iya buɗe tirela a ciki. Wannan bai dame shi ba. Ya rarrafa ta 'yar ƙofarta, ya kunna hitar, ya ji fanka na hurawa, ya fito yana kaɗe gwiwa sai ka ce shi ya ƙirƙiro lantarki.

Ranar wata Juma'a cikin Oktoba suka isa sansani da la'asar, iska na zubar da ganye. Wendell ya murɗa hannu, rufi ya tashi. Ya jawo gadon baya, ya fito sumul. Ya zagayo ya ja na gaba, bai fi taƙi biyu ba sai ji kake ƙwal! Bakin gadon ya daki akwatin batir.

Ya sake ja. Ƙwal!

Wani dattijo mai suna Duane, da ya kafa tantinsa kusa da su, ya juyo da kujerarsa don kada kallo ya wuce shi.

"Abokina, wa ya yi maka wannan walda?"

"Ni na yi."

"Kai, madalla! Ko tankar yaƙi ba za ta cire shi ba. To a kansa za ku kwana?"

Muddin gadon bai fito ba, yana zaune ne a kan tebur da rabin ɗakin, tamfol ɗin gaba kuma ya saki, iska na shiga yadda ta ga dama. Lorna ta zo ta tsaya, hannu cikin aljihun rigar sanyi.

"Injiniya, ba ka taɓa buɗe ta ka gwada ba?"

"Na gwada hitar."

"Hitar kam na ji labarinta."

Wendell ya auna da ido, ya auna da hannu, akwatin ya ƙi raguwa. Ƙarshe ya sauke batiran ƙasa, ya ari zarto wajen Duane, ya durƙusa yana yanka abin da ya yi alfahari da shi. Waldar kuwa ta yi kyau ƙwarai, don haka sai da ya jiƙe da gumi cikin wannan sanyi. Maƙwabta suka taru da gwangwanayen giya a hannu, kowa ya zama gwani, kowa kuma da ma ya san haka za a yi.

Rana na gab da faɗuwa akwatin ya faɗi. Gado ya fito, 'yan kallo suka tafa. Wendell ya jawo wayoyi zai haɗa da batiran da ke ƙasa, suka tsaya a iska, saura kamu guda. Ba mai ragowar waya a sansanin, kantin da ya fi kusa kuma ya rufe sai bazara.

Ya shiga ciki yana jiran faɗa, har ya shirya amsoshinsa. Ya tarar Lorna zaune a bakin gado, ta ɗora hula a kan hula, tana shimfiɗa barguna. Ta dubi hannunsa da zarto ya yanka, ta ɗauko ƙyalle ta ɗaure masa a hankali.

"Ka yi ƙoƙari, Wendell," ta ce. "Da gaske nake. Ka yi ƙoƙari."

Da zaginsa ta yi, da ya san akwai sauran magana. Ya zauna kusa da ita a ɗakin da ya fara sanyi, zuciyarsa ta karye, don ya gane wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe tare.