Hura Min In Ji

"Matso kusa, ka hura min," in ji Baba Mai Walda.

Dogo ya durƙusa a bakin gadon maƙwabcin nasa, hular kwano a hannu, ya hura masa iska a fuska. Tsohon ya lumshe ido yana shinshinawa.

"Albasa dai, har ta yi yawa. Jeka, yau babu giya."

Kwana goma sha tara ke nan suna haka kowace safiya, tun da Dogo ya sake ajiye kwalbar da ya koma wa bayan shekara uku da barinta. Aikinsa hawa turken lantarki. A gaban idonsa abokin aikinsa ya taɓa waya mai wuta ya faɗo, tun daga ranar kuma da ya ɗora ƙafa a tsani sai hannunsa ya ɗauki rawa. Kurɓa ɗaya takan tsayar da rawar, ya sani sarai, shi ya sa yake tsoron kansa fiye da wayar. Shugabansu kuwa ya riga ya ja masa kunne: in ya sake jin wari a jikinsa, ya ajiye kayan aiki ya kama gabansa.

Baba ma ya taɓa shan giya, har ta kusa cinye shi. Shekara ashirin rabonsa da ita, kowa a layin ya san haka.

"Baba, jibi fa babban layin wuta za a sa ni. Wallahi tsoro nake ji."

"To, sai me? Ka kashe wuta, ka gwada, ka sake gwadawa. Ni da na fi ka lalacewa na tsaya, kai ne za ka kasa?"

Tari ya sarƙe shi. Ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun yi rawaya, Dogo ya kasa kallonsu.

Washegari da la'asar ya dawo daga aiki ya tarar da jama'a zaune a ƙofar gidan Baba, kowa ya yi jugum. Ba sai an faɗa masa ba, Baba ya rasu.

Ranar babban layi, ƙafarsa ce ta kai shi gidan don sabo. Inna, matar marigayin, na tsaye a tsakar gida.

"Ɗana, kafin ka wuce, fitar min da katifar nan. Ba na iya kallonta."

Yana ɗaga ta sai ga kwalba a kwance kan katakon gado, saura rabi, ko ƙura babu a murfin. In mai shekara ashirin ya koma, ina shi mai kwana ashirin da ɗaya? Yawu ya cika masa baki. Babu kowa a ɗakin, ga tsani na jiransa. Bai san lokacin da ya murɗe murfin ba.

"Na san tana nan," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Tun ranar da likita ya ce ba sauran magani. Amma bai taɓa kai ta baki ba sai ka zo ka tafi. Yakan ce, 'In Dogo ya ji warin nan a kaina, faɗowa zai yi.'"

Dogo ya dubi kwalbar da ke hannunsa. Sannan ya fita tsakar gida ya karkata kwalbar a bakin kwata. Hannunsa na kaɗawa, rabi ya tafi kwata, rabi ya jiƙa masa takalmin aiki.

A bakin titi motar aiki ta danna hon.

"Inna, na shiga uku. Shugabanmu zai ji warin. Wa zai yarda ba sha na yi ba?"

"Tsaya inda kake."

Ta jawo bokiti da sabulu, ta durƙusa da ƙyar, hannu ɗaya dafe da gwiwa. Hon ya sake tashi. Ba ta ko ɗaga kai ba, tana ta cuɗa takalmin, kumfa na gangarawa kan siminti.