Farin Mayafi a Gadar Coldstream

Da safiyar Lahadi Wattie Purves ya tsaya gaban madubi yana naɗa mayafin 'yan Ingila a wuyansa. Fari ne na ulu, da jan fure a kowane baki, yana warin akwatin da ya daɗe a ciki. Ya cusa furen cikin kwat, ya dubi kansa, sannan ya sake zaro shi waje. Doka ta ce sai an gani.

Jiya Ingila ta ci Scotland a wasan zari-ruga na shekara-shekara.

Dokar su biyu suka kafa ta, shi da Hedley Straughan, tun suna samari suna jan taru a jirgi ɗaya a Kogin Tweed. Wattie ɗan Coldstream ne, a gaɓar Scotland. Hedley ɗan Cornhill ne, tsallaken gada, a ƙasar Ingila. Da sana'ar kifin ta mutu, abin da ya rage a bukkar masunta wata tsohuwar butar shayi ce mai lotsattsen ciki, kowannensu ya ce tasa ce. Sai suka bar wa wasan ya raba gardama. Wanda ƙasarsa ta ci, buta ta shekara a gidansa. Wanda aka ci kuwa, washegari ya ɗaura mayafin abokin hamayya, ya taka da ƙafa ya haye gada, ya dafa wa mai nasara shayi, ya zauna ya sha gori har shayin ya huce. Ba mota, ba aike, ba uzurin ciwo.

A shekarun nan Scotland ce ke ci a jere, don haka Hedley ne ke hayowa. A zuwansa na ƙarshe gishiri ya zuba a shayi. Ya kuma tambayi lafiyar Jessie, matar Wattie, alhali yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarta. Da lokacin kaka ya zo, Gillian, 'yar Hedley, ta kai shi gidan kula da tsofaffi a can Cornhill. Wattie bai je ba. Ya sha ɗaukar hula ya ajiye. A tsawon zamansu babu wanda ya taɓa shiga gidan wani don gaisuwa kawai, kuma bai san abin da ake faɗa wa Hedley ba in ba zagi ba.

Jiya a mashayar Sheena, da bugun ƙarshe na Scotland ya bi ta gefen sandar gola, wurin ya yi tsit. Wani ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Wattie kuwa ya ji wani ƙulli ya warware a ƙirjinsa, sai ya sunkuyar da kai cikin kofinsa kada wani ya ga fuskarsa.

Yau kuma ya saka butar a jakar leda, ya kulle ƙofa.

Sheena tana share ƙofar mashaya lokacin da ya zo wucewa. Ta dogara da tsintsiya ta ƙare masa kallo.

"Wattie, da a ce mahaifinka zai leƙo daga kabari ya ga wuyanka, da ya koma da gudu."

"Shi ma ya ga abin da ya fi wannan. Ya ga wasan kakannin 'yan wasanmu na jiya."

"Farin ya karɓe ka kuwa. Saura ka fara magana ta hanci, kana tambayar mutane ina ake sayar da jaridar London."

"Ke dai share ƙofarki."

Ta yi dariya, sannan ta rage murya. "An ce Hedley bai cika gane mutane ba yanzu."

"Zai gane buta."

"Ba butar nake nufi ba."

Wattie ya gyara riƙon jakar ya wuce.

Kogin ya cika, ruwan ya yi ja saboda laka. Iska tana busowa daga gabas da ɗan yayyafi mai sanyi. A bakin gada wasu samari biyu a mota suka danna masa hon, ɗaya ya leƙo ya kira shi maci amana, ya ɗaga musu jakar ba tare da ya juya ba. A tsakiyar gada ya tsaya ya huta. A da Hedley kan tsaya a ɗaya bakin, hannu a aljihu, yana tafa masa a hankali tun daga nan har ya ƙaraso. Yau babu kowa sai allon da ke cewa an shigo Ingila, da wani kare da ya jiƙe.

Gillian ta tarye shi a zauren gidan tsofaffin. Ta dubi mayafin, ta dubi jakar, ta sa hannu a baki.

"Kawu Wattie, da ƙafa ka zo? A wannan sanyin?"

"Da jirgin sama na zo. Yana ina?"

"Yana ɗakinsa. An kunna musu wasan jiya, tun daga nan bakinsa bai huta ba." Ta riƙo hannun kwat ɗinsa. "Don Allah kada ka tsokane shi. Abu kaɗan ke rikita shi. Ni ma wani lokacin ma'aikaciya yake ɗauka ta, ya ce in kira masa 'yarsa. Ka yi masa magana a hankali, kamar yadda ake wa marar lafiya."

"Ban taɓa yi masa magana a hankali ba."

"To yau ka fara."

Ɗakin ƙarami ne, da zafi kamar gidan burodi. An juya kujerar Hedley tana fuskantar taga, inda ake hango bishiyoyin bakin kogi. Mutumin da a da shi kaɗai ke jan rabin taru ya koma ɗan mitsitsi cikin rigar sanyi. Hannayen ne kawai suka rage da girmansu.

Wattie ya ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe. Ya nemo muryar da yake wa likita magana da ita.

"Barka da hantsi, Hedley. Ya jikin?"

Hedley ya juyo. Idonsa bai kai fuska ba, ya tsaya a kan jan furen. Ya washe baki.

"A'a, ɗan gida ne. Shigo, shigo, ja kujera. Ka ga wasan?"

"Na gani."

"Mun yi musu wankan tsarki. Daga ina kake? Alnwick?"

Wattie ya zauna, jakar a kan cinyarsa. "Nan kusa."

"To ka zo a sa'a. Zauna ka sha kallo. Akwai wani ɗan Scotland a tsallake, irin mazan nan masu saka siket, Purves, yau dole ya hayo da mayafina a wuya. Ka san shi?"

"Na taɓa jin sunan."

"Ba ka yi asara ba. Marowaci ne na ƙarshe. Ganyen shayi ɗaya yake tsomawa tun Litinin har Laraba, ya shanya shi a igiya ya jira baƙo. Kuma a jirgi duk kifin da ya kuɓuce ɗan Ingila ne, wanda aka kama kuwa ɗan Scotland ne tun kakanninsa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Matarsa dai mutuniyar kirki ce. Har yau ban san abin da ta gani a jikinsa ba."

"Wataƙila hanci," in ji Wattie.

"Hancin ma ni na karya masa shi."

A waje wata ma'aikaciya ta wuce da keken abinci. Hedley ya leƙa ƙofa, ya matso, ya dafa gwiwar Wattie.

"Tunda kai namu ne, bari in faɗa maka wata magana, amma ta tsaya nan. Ni fa Ingilar nan ba ta dame ni ba. 'Ya'yan masu hali ne daga kudu, a cikinsu babu wanda zai nuna maka Cornhill a taswira. Na taɓa zuwa filinsu a London, na buɗe baki zan sayi abin sha, mai sayarwa ya ce in koma Glasgow, wai ni ɗan Scotland ne. Da farar rigar Ingila a jikina fa." Ya girgiza kai. "Amma in suka ci, dole ya zo. Shi ke nan abin da nake nema a wurinsu. In ba haka ba mutumin nan ba zai taka ƙofar kowa ba. Zai zauna shi kaɗai a gidan nan nasa har ya bushe."

Wattie ya dubi taga. Ya daɗe yana duban ta. Sannan ya buɗe jakar ya fito da butar, ya ɗora ta a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu.

Murmushin Hedley ya ɗauke.

"Ina ka samo wannan?"

"Taka ce. Kun ci."

"Aiko ka ya yi?" Ya ture butar. "Ba aike. Shi ya san ba aike. Tun muna da gashi a ka muka yi wannan magana. Ɗauke ta ka mayar masa. Ka ce ya kawo da ƙafarsa, in kuwa ƙafar ta gaza ya rarrafo."

"Hedley, dube ni da kyau."

"Na dube ka. Kai mutumin kirki ne, ba laifinka ba ne. Ɗauke ta."

Wattie ya mayar da butar cikin jaka ya fita. Gillian tana can ƙarshen baranda tana magana da wata ma'aikaciya, ba ta gan shi ba. Ya jingina da bango. Ya warware mayafin, ya dunƙule shi ya tura a aljihun kwat. Ya gyara murya. Wannan karon bai ƙwanƙwasa ba, da ƙafa ya tura ƙofar.

"Kai, ɓarawon kifi. Nawa kuka ba alƙalin wasan nan? Ko ɗan ƙanwarka ne?"

Hedley ya ɗago. Idonsa ya hau fuskar, ya tsaya a kan karkataccen hancin. Wani abu ya dawo cikin idanun nasa, kamar an kunna fitila a ɗakin da aka daɗe da rufewa.

"Purves," ya ce. "Ka makara, ɗan siket. Na ɗauka kogi ya tafi da kai."

"Da ya tafi da ni da na huta da ganin fuskarka."

"Mai bugun nan naku, sandunan yake nema ko tsuntsaye?"

"Iska ce. Iskarku ma maƙaryaciya ce."

"Kullum iska. Kun fi kowa cin wasa a mashaya." Hedley yana dariya, yana buga hannun kujera. "Ka rame, tsoho. Ba ka cin abinci ne, ko tsada ya yi maka?"

"Ina ci." Wattie ya juya ya fito da butar. "Ina ake samun ruwan zafi a gidan yarin nan?"

"Dakata." Hedley ya nuna wuyansa da yatsa. "Ina mayafina?"

"Yana aljihu. Ɗakin nan zafi gare shi."

"Doka ba ta ce aljihu ba."

"Bari in dafa shayin tukuna."

"Ba na shan shayin mai karya doka. An ci ku, ka shigo mini da wuya tsirara kamar kai ka ci? Ɗaura."

"Hedley, bar shi haka yau."

"Ɗaura, ko ka koma gada ka faro."

Wattie ya san wannan fuskar. Da ita Hedley ya taɓa ƙin barin jirgi ranar ambaliya. Ya zaro mayafin a hankali. Bai ɗauke idonsa daga na Hedley ba, yana naɗawa yana magana, yana zagin alƙalin wasa da iska da London, don kada zaren ya tsinke. Hedley yana gyaɗa kai cikin jin daɗi. Sai wata motar kaya ta wuce a titi, gilashin taga ya yi ƙara, ya juya ya duba.

Da ya juyo, idonsa ya sauka a kan jan furen.

"A'a, har ka dawo? Ka kai masa?"

Wattie ya tsaya da butar a hannu.

"Na kai."

"Me ya ce?"

"Ya ce gobe zai zo da kansa."

"Zai zo," in ji Hedley, ya gyara zama yana fuskantar kogi. "Bakinsa ba shi da daɗi, amma bai taɓa saɓawa ba."

Gillian ta raka shi har ƙofar waje. Ta ga jakar da nauyinta kamar yadda ta zo.

"Bai gane ka ba ko, Kawu?"

"Ya gane ni."

"To butar fa?"

"Ba a cika sharaɗi ba. Ƙarfe nawa kuke buɗewa da safe?"

Ta ce za ta mayar da shi a mota, ya ce ba mota. Yayyafin ya tsaya, iskar ba ta tsaya ba. Ya haye gadar ba tare da ya huta a tsakiya ba.

Sheena tana goge gilashin taga. Ta ga mayafin har yanzu a wuyansa, ta ga bakin butar ya leƙo daga jaka.

"Me zan gani? An soke wasan ne ba mu ji ba?"

"Bai karɓa ba."

"Sai baɗi ke nan."

"Sai gobe."

A gida ya ajiye butar a kan kujerar da ke bakin ƙofa. Ya cire mayafin, ya ɗauko akwatin da yake zama a ciki, ya buɗe, ya tsaya. Sannan ya rufe akwatin, ya rataye mayafin a ƙusa ɗaya da hularsa.