Kwana Biyar Na Odile

Shekara biyu Odile Kervella ta yi tana jira kafin a ba ta kwana biyar a na'urarmu. Ƙwayoyin zarra take nazari, irin masu rugujewa kafin ƙiftawar ido. Aikina shi ne in tsare su a tukunyar maganaɗisu, in zare musu ƙwayoyin lantarkin jikinsu don cajinsu ya ƙaru, babbar na'ura ta iya cilla su. In na daɗe riƙe da su sai su mutu, in na sake su da wuri su ƙi gudu.

Kwana uku allo bai nuna komai ba. A rana ta huɗu da yamma lambobin ƙirgar ƙwayoyi suka fara hawa.

"Gaspard, ashe ba gadin kujera kawai kake yi ba!" in ji ta, idanunta jajur don gajiya.

"Madam, bari in rufe ƙofar da ƙwayoyin ke shigowa tukunyar tukuna, mu tabbatar."

"Haba, tsoho. Bar ni in ji daɗi ko na minti biyar."

Na bari ta shanye kofin shayinta, sannan na rufe. In ƙwayoyinta muke ƙirgawa, dole lambobin su faɗi. Ko motsi ba su yi ba. Ragowar iskar da ta maƙale a cikin tukunyar ce muke ta ƙirgawa.

Ta cire tabarau, ta daɗe tana murza ido.

"Kwana ɗaya zai isa mu gwada wani cajin?"

"Saiti kaɗai zai cinye rabinsa."

Ta jawo kujerarta kusa da tawa. "To fara. Ni zan riƙa karanto maka lambobin."